Tsuntsun Tangaran na Jeren Mahaifiya: Zanensa na Sin ne, na Farisa ko na Turkiyya?

Wata baiwar Allah daga unguwar Runjin Sambo a nan Sakkwato ta aiko da hotuna uku tare da wannan tambaya: "Malam, a cikin kayan jeren mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, mun tarar da wani tsuntsu na tangaran wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Mahaifinmu ne ya kawo mata shi tsaraba daga aikin Hajji a farkon shekarun 1980. Fari ne mai sheƙi, an zane shi da shuɗi da kore da ja, akwai furanni da wani dogon ganye a bayansa, ƙirjinsa kamar ɓawon kifi, an kuma shafa ruwan zinari a bakinsa da gefen jelarsa. Yayana ya ce aikin Sin ne, kawunmu ya ce na Farisa ne, wata maƙwabciyarmu da ta je Turkiyya ta ce irin nasu ne. Wane ne ya yi daidai, kuma shin tsohon abu ne mai daraja?"

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa Aljanna ce makomarta. Na duba hotunan da kyau, kuma a taƙaice maƙwabciyarki ce ta fi kusa da gaskiya, sai dai Yayanki da kawu ma kowannensu ya riƙe wani gefe na maganar. Abin da ya sa gardamarku ba ta ƙare ba shi ne kun haɗa tambayoyi uku wuri ɗaya: daga ina zanen ya samo asali, su wa suka fara ƙera irin wannan siffa, da kuma a ina aka yi wannan ɗin da ke hannunki. Mutum yana iya shigowa kasuwa da rawanin Buzaye da rigar Nufawa da takalmin dukawan Sakkwato, alhali shi Bakano ne, domin tufafi ba su cika faɗin garin haihuwar mai su ba. Haka kayan ado suke, saboda haka zan bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in fara da zanen, tun da shi ne ya fi magana da ƙarfi.

Furen da ke tsakiyar bayan tsuntsun, mai siffar ƙoƙo da tsini uku a sama, shi ne wanda Turawa ke kira tulif, Turkawa kuma suna ce masa lale. Ba shi da dangantaka da lallen ƙunshi, ko da lale ta maraba da baƙo. Turkawa suna girmama shi matuƙa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suke bayarwa zai yi wa almajiran hisabi daɗin ji: idan aka rubuta sunansa da haruffan Larabci, lam da alif da lam da ha ne, wato haruffan da ke cikin sunan Allah, kuma jimillar kowanne a lissafin abajada 66 ce. Ɗaya furen da ya buɗe kamar mahuci mai haƙora a baki, sunansa a Turkanci karanfil, daga kalmar Larabci ƙaranful, wadda ita ce ta zama kanumfari a bakinmu, kuma an ba shi wannan suna ne domin ƙamshinsa ya yi kama da na kanumfarin da muke sawa a kunu da shayi. Dogon ganyen nan kuwa, mai lanƙwasa kamar lauje da haƙora kamar zarto, ana kiran salonsa saz. Duk inda kika ga waɗannan uku sun haɗu a kan farin fili, to kina kallon zanen da ya yi suna a garin Iznik na ƙasar Turkiyya, a zamanin Daular Usmaniyya. A garinmu dole in fayyace cewa ta sarakunan Santambul nake nufi, ba tamu ta Shehu Mujaddadi ba.

Iznik ƙaramin gari ne a gefen wani tafki, kudu maso gabas da Santambul, wato Istanbul, kuma daga ƙarshen ƙarni na 15 zuwa ƙarni na 17 shi ne ke yi wa fada da manyan masallatai farantai da butoci da fitilu da tayil. Masu tukwanen garin ba su ne ke ƙirƙiro mafi yawan zanen ba. Akwai ɗakin masu zane a fadar sarki, a can ake tsara fasali a takarda, sannan a aika wa masu tangaran da masaƙa da masu ɗaurin littafi, shi ya sa za ki ga fure ɗaya a jikin tayil da alkyabba da bangon littafi. A zamanin Sarki Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, shugaban wannan ɗaki wani mai zane ne da ake kira Shahkulu, wanda aka kawo daga birnin Tabriz na Farisa, kuma shi ake danganta wa ganyen saz. Almajirinsa Kara Memi, wanda ya gaje shi, shi ne ya shigo da furannin lambu da kowa zai iya ganewa. Ke nan ganyen da ke bayan tsuntsunki da furen da ke kusa da shi, zanen malami ne da na almajirinsa aka haɗa.

Launukan ma suna da tarihin da za a iya bi daki-daki. Iznik ta fara da shuɗi da fari kawai. Daga baya aka ƙara wani shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore, wanda ake samu daga jan ƙarfe, sannan a tsakiyar ƙarni na 16 aka gano jan nan da ya zama tambarinsu. Wata jar ƙasa ce mai ƙarfe a ciki, ana ɗora ta da kauri, don haka bayan an gasa sai ta tashi tudu-tudu a ƙarƙashin sheƙin, har yatsa yana jin ta. An fara ganin wannan ja a tayil ɗin Masallacin Sulaimaniyya na Santambul da aka kammala a 1557, ya bunƙasa a Masallacin Rustam Fasha 'yan shekaru kaɗan bayan haka, kuma lokacin da aka fara gina Masallacin Sarki Ahmad a 1609, wanda aka lulluɓe cikinsa da tayil sama da 20,000, sana'ar ta riga ta kusa fara ja da baya. Zanen ɓawon kifin da ke ƙirjin tsuntsunki shi ma na gidan ne, domin an yi ta cika jikin butoci da shi a ƙarshen ƙarni na 16, kuma wanda ya tsara tsuntsun ya yi dabara da ya ɗora shi a ƙirji, inda ido zai karanta shi a matsayin gashin tsuntsu.

Yanzu ga rabon Yayanki. Sha'awar shuɗi a kan fari daga Sin ta zo wa Turkawa. Tun ƙarni na 14, a zamanin daular Yuwan, birnin Jingdezhen yake fitar da tangaran fari mai zanen shuɗi zuwa ƙasashen Musulmi, kuma sarakunan Santambul sun tara shi da yawa, har yau akwai sama da guda 10,000 na tangaran ɗin Sin a fadar Topkapi. Masu sana'ar Iznik sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayonsa, amma ba su da irin farin yumɓun da Sinawa ke gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 1,300 a ma'aunin Selshiyos, sai suka haɗa garin farin dutsen ƙanƙara da garin gilashi da ɗan farin yumɓu, suka gasa a zafin da bai kai haka ba. Ki duba 'yan naɗe-naɗen da suka kewaye gindin tsuntsun kamar katantanwa: ragowar zanen igiyar ruwa da duwatsu ne da Sinawa ke yi a bakin faranti, wanda aka yi ta kwafa hannu bayan hannu har ma'anarsa ta ɓace, siffar kawai ta rage.

Abin da zai faranta wa kawu rai kuma shi ne shuɗin da Sinawan suka yi suna da shi, asalinsa daga Farisa ake kai musu. Ba irin shuɗin babar marinarmu ba ne, domin baba tsiro ne, wuta tana cinye shi. Wannan ma'adini ne da ake kira kobal, wanda ake haƙa a yankin Kashan, kuma shuɗi ne da ke jure zafin tanderun tangaran ba tare da ya gushe ba. Sinawa har suna da wani suna da suke kiran wanda ake shigo musu da shi, mai ma'anar shuɗin Musulmi. Dubi tafiyar da wannan launi ya yi: an haƙo shi a Farisa, fatake sun kai shi Sin, an zana shi a faranti an dawo da shi Santambul, inda mai zane daga Tabriz ya ba shi sabon fasali. Amma da a ce tsuntsunki aikin Farisa ne kai tsaye, da kamanninsa sun bambanta. Farisawa na zamanin daular Ƙajar, wadda ta mulki ƙasarsu a ƙarni na 19, sun fi son wardi mai inuwa da zurfi, kamar za a tsinke shi, tare da ƙaramin tsuntsu a kan reshe, kuma kayan adon Isfahan na yau galibi a kan jan ƙarfe ake yin su, da zane ƙanana ƙwarai masu cunkoso. Furannin naki a shimfiɗe suke, an kewaye kowanne da baƙin layi, an cika cikinsa da launi ɗaya, an bar farin fili yana numfashi a tsakani. Haka nan ba na Kashmir ba ne, domin nasu da dakakkiyar takarda ake yi, ba shi da nauyi, ba ya sanyi a hannu. Ba kuma irin na Sin mai siraran wayoyin tagulla da ke raba launuka ba ne.

Inda labarin ya juya shi ne siffar tsuntsun kanta, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suna ruɗuwa. Iznik ta zana tsuntsaye a jikin farantai, amma ba a san ta da ƙera tsuntsu mai tsayuwa da kansa don a ɗora a kanta ba. A tsohuwar fasahar Musulmi, idan aka yi abu da siffar tsuntsu, galibi yana da aikin yi: ko buta ce ta wanke hannu, ko kaskon turare. Akwai wata butar tagulla mai siffar gaggafa a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha, wadda ke ɗauke da shekarar 180 bayan Hijira, kuma ruwa ake zubawa da ita. Tsuntsun da ba ya ɗaukar ruwa ko garwashi, aikinsa kawai a kalle shi, ya yaɗu ne ta wata hanyar. Sinawa sun yi ta ƙera shaho da aku na tangaran don kasuwar Turai a zamanin Sarki Kangshi, tsakanin 1662 da 1722. A cikin wannan zamani aka kafa masana'antar Meissen a ƙasar Jamus a 1710, wadda ita ce ta fara yin tangaran na gaske a Turai, kuma wani gwanin sassaƙa mai suna Kendila, wanda ya fara aiki a can a 1731, ya ƙera wa Sarki Agustus tsuntsaye iri-iri don ƙawata fadarsa a birnin Diresdin na Jamus. Daga wannan gida ne al'adar ajiye tsuntsun tangaran a falo ta bazu a Turai.

Sai dai tsuntsayen Meissen kwaikwayon halitta suke yi, ana fitar da gashi ɗaya-ɗaya, ana ba kowane tsuntsu launinsa na ainihi. Naki kuwa sumul yake kamar ƙwai, ba ƙafa, ba gashi, fiffiken ma layi ɗaya ne ya nuna shi, har ba za a iya rantsuwa ko kurciya ce ko tantabara ba. Wannan sauƙaƙa siffa ɗabi'ar ƙarni na 20 ce, wadda ta yi ƙarfi bayan baje kolin kayan ado da aka yi a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1925, kuma ta yi wa masana'antu daɗi domin abu mai santsi ya fi sauƙin fita daga mazubi. Da jiki ya zama sumul, sai ya koma fili da za a iya ɗora masa kowane zane. Kamfanin Royal Crown Derby na Ingila ya bi wannan dabara tun daga 1981, inda ya riƙa fitar da ƙananan tsuntsaye da dabbobi da aka lulluɓe da zanen farantansu. Masu sana'ar Kutahya, garin da ya riƙe aikin tangaran a Turkiyya bayan tanderun Iznik sun mutu, su ma suna yin tsuntsaye da kuliyoyi da makamantansu da zanen kakanninsu don masu yawon buɗe ido.

Ruwan zinarin da ke baki da jela shi ne baƙo na ƙarshe da ya shigo. Zinari ba ya cikin launukan da aka san Iznik da su, domin su a ƙarƙashin sheƙi suke zane, shi kuwa zinari a samansa ake shafa shi, a sake gasawa a wuta mai sauƙi. Haɗin shuɗi da ja da zinari an fi saninsa da sunan Imari, wato tashar jirgin ruwan Japan da ake ɗaukar tangaran ɗin garin Arita daga cikinta tun ƙarni na 17, 'yan kasuwar Holan suna kai shi Turai, masana'antun Ingila kuma suka mayar da shi nasu. A ra'ayina zinarin bai ƙara wa tsuntsun kyau ba, ya ɗan danne farin filin da shi ne ƙarfin zanen, amma mai sayarwa ya san abin da ke jan idon mai neman tsaraba.

Hukuncina shi ne wannan tsuntsu aikin rabin ƙarshe ne na ƙarni na 20, siffarsa ta falon Turawa ce, tufafinsa na Turkawa ne, kuma bai girmi tafiyar mahaifinki da yawa ba. Kasancewar daga Makka ya zo ba ya nuna inda aka yi shi, domin kasuwannin Makka da Madina da Jidda matattara ce ta kayan duniya. Saura a tantance ko aikin hannu ne na Turkiyya ko na masana'antar da ta kwafi zanen, kuma wannan za ki iya yi da kanki a gida. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki haska tocilan ta ramin da ke ƙarƙashinsa. Idan haske ya ratso jikin, tangaran ne na gaske irin na masana'anta, idan bai ratso ba, ya fi kusa da haɗin da masu aikin hannu na Kutahya ke yi. Ki shafa jan da ɗan yatsa ki ji ko ya tashi tudu. Sannan ki ɗauki hoton furen da waya ki zuƙo shi sosai: aikin buroshi yana nuna inda launi ya yi kauri da inda ya tsinke, wani wuri ma ya ɗan tsallake baƙin layin, zanen manne kuwa yakan fito da ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida, kuma furen hagu da na dama za su zama tagwaye ba bambanci ko kaɗan. Da wannan gwaji na ƙarshe na taɓa sanyaya wa wani ɗan kasuwa gwiwa, wanda ya kawo mini faranti yana cewa ya shekara 400, muka zuƙo hoton tare ya ga ɗigon da idonsa. Siririn layin da na hango a hoto na biyu, wanda ya bi ta tsakiyar baya zuwa jela, wurin haɗuwar ɓangarori biyu ne na mazubin filasta, ramin ƙasan kuma ta nan aka tsiyaye ragowar ruwan yumɓu. Wannan bai hana zanen zama na hannu ba, domin masu aikin hannu ma da mazubi suke fitar da jiki.

Akwai wani tasiri da ba ki tambaya ba, amma ina ganin shi ne ya sa tsuntsun ya zauna a jeren mahaifiya shekara da shekaru ba tare da ya zama bare ba. Idon Bahaushe ya saba da ado irin wannan. Dukawanmu suna ɗaukar fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, su yanka siffofi su ɗora launi a kan launi, kowanne da iyakarsa a fili, ba inuwa ba zurfi. Mai ɗinkin aska takwas da mai zayyanar Alƙur'ani da magini mai zanen dagi a fuskar soro duk a kan ƙa'ida ɗaya suke: a shimfiɗa siffa, a kewaye ta da layi, a maimaita ta da tsari. Kwanonin jere masu furanni da iyayenmu mata suka yi ta tarawa su ma baƙi ne da aka karɓa domin sun dace da wannan ido. Alhajin da ya tsaya a gaban kanta cike da kaya ya zaɓi wannan, da idon garinsu ya zaɓa.

Game da daraja, kada ki sa ran kuɗi mai yawa, domin irinsa da dama aka yi, ko da ya tabbata na hannu ne. Hukuncin ajiye siffar abu mai rai a ɗaki kuma fagen malamai ne, Sakkwato ba ta rasa su ba, sai a kai musu wannan gefen. Idan za a ci gaba da adana shi, a riƙa share masa ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a goge shi da toka ko soson ƙarfe ko garin sabulu, domin zinarin a sama yake kuma shi zai fara tafiya. Kada a jiƙa shi cikin ruwa idan sheƙin ya yi 'yan tsage-tsage kamar yanar gizo, saboda ruwa zai shiga ta nan ya bar tabo a ƙarƙashi. A hoto na uku na ga alamar rubutu a gefen ramin ƙasan, amma inuwa ta rufe shi. Ki ɗauke shi da rana a tsakar gida ki sake aiko mini, domin masu aikin hannu na Kutahya sukan rubuta sunan garin da nasu da buroshi a daidai wannan wuri, masana'anta kuwa hatimi take bugawa.